Zaituna Ta Ƙi Mijin Aro

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, na fara ganin Zaituna. Ni akawu ne a wani ƙaramin ofishin dillancin gidaje da ke bayan kasuwar Gudu. Ta shigo da guntun zare maƙale a mayafinta, ta ce ɗaki take nema, guda ɗaya mai banɗaki da ɗan kicin a ciki, wanda za ta riƙa takowa kasuwa daga shi.

Tela ce, 'yar Zariya, ta ɗan haura talatin. Tun rasuwar mijinta take zaune wurin gwaggonta a Dutse Alhaji. Kullum hantsi yake riskar ta a mota, kafin ta buɗe shago masu kawo ɗinki sun miƙa wa wani. Ga azumi ya ƙarato. In ɗinkin sallar bana ya wuce ta, shagon ba zai kai baɗi ba.

Kure, dillalinmu, ya kai ta gidan Alhaji Ɗangoggo, wani Bakatsine mai sayar da kayan wuta. Tagar ɗakin tana kallon titi, ga ƙarar masu walda, ga hayaƙin janareta. Duk wannan bai dame ta ba. Ta zaro tef daga jaka ta auna lungun taga, ta ga keken ɗinki zai zauna, ta ce ya yi.

Sai dai Alhaji ba ya ba mace marar miji haya. Kure ya ce wannan ba matsala ba ce, akwai Sadisu mai Keke Napep. Yana da babbar riga ta musamman saboda irin wannan rana, zai sa ta ya raka mace a matsayin mijinta, ya gaisa da mai gidan hayar, ya kama gabansa.

Ta ce, "Malam Kure, mijina yana kwance a Zariya. Ba zan ari wani in tsayar a gurbinsa saboda ɗaki ba."

Washegari ta tafi da kanta, ni na bi ta da takardu. Alhaji ya tambayi maigidanta, ta ce Allah ya yi masa rasuwa. Ya yi masa addu'a, sannan ya leƙa bayanta wajen ƙofa.

"To, yau ba a zo min da Sadisu ba. Na ɗauka ke ce ta huɗunsa."

Duk da haka bai amince ba. Ya ce unguwa da baki, kuma akwai wani matashi ma'aikacin banki da ke son ɗakin.

Ta ce, "Kada ka ɗauki maganata, Baba. Shagona yana layin teloli. A je a tambaya."

Tun daga ranar, kafin ta buɗe shago sai ta biyo ofis ta ji ko Alhaji ya aiko. Kure ya nuna mata wasu ɗakunan a nesa, ta ce ita wancan ta auna.

Alhaji bai je ba, matarsa Hajiya Mashkura ya tura, da atamfa a leda. Ta yi bincike irin wanda ake yi in za a nemi aure. Ta fara da Christina mai sayar da zare a shagon kusa, wadda ta ce aibin Zaituna ɗaya ne, ba ta iya lallashin kwastoma ba. Daga nan ta zauna a shagon Zaituna, ta ce a ɗinka mata kafin sallah.

Zaituna ta gane ta, don ta hango ta a tsakar gida ranar da muka je. Amma ta nuna mata tulin kayan da suka riga nata zuwa, ta ce in gaskiya ake so, sai bayan sallah. Hajiya ta roƙa, ta ce za ta ƙara wani abu a kai. Zaituna ta ba ta haƙuri.

Alhaji da bakinsa ya gaya min cewa Hajiya ta koma gida tana faɗa. Ta ce yarinyar taurin kai ne da ita, amma ba ta ƙarya, a ba ta makulli.

A makon farko na azumi ta tare, keken ya zauna a lungun taga. Har yanzu tana ɗakin, shagon kuma yana nan. Bara ta ɗauko 'yarta Yusra daga Zariya ta sa ta makaranta a unguwar. Atamfar Hajiya kuwa, bayan sallah ta karɓa.