Ya Gumsu Mai Wuƙa Biyu

Kafin rana ta gama fitowa Ya Gumsu ta riga ta isa mahautar Difa, da kwano a kai, da wuƙaƙe biyu naɗe cikin tsumma. Ba da ido take zaɓen nama ba. Sunkuyawa take yi ta shinshina, ta wuce, ta sake sunkuyawa. In ta ɗan yamutsa hanci a gaban teburin mahauci, ranar sai ya wuni yana shan tsiya wajen ƴan uwansa. Daga nan ta koma rumfarta ta bakin tasha ta hura wuta, kafin hantsi direbobi sun cika benci. Shekara ashirin da shida tana wannan. Bana gwiwa ta hana ta tsayuwa, ta miƙa rumfar ga matar ɗanta.

Ni ɗan kabu-kabu ne, na kai ta mahauta ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Abin da ya fara tsaya mini a rai wuƙaƙen nan ne. Ɗaya mai baƙin mariƙi, ɗaya an naɗe mariƙinta da jan zare, kuma ban taɓa ganin ta bar su sun gogi juna ba. Na tambaye ta dalili.

"Kai dai dubi hanya," in ji ta, "kada ka zubar da ni a yashi."

Sai na shiga tambayar waɗanda suka san ta tun kafin in san kaina. A wurinsu na ji cewa naman rago da na sa ba su ne suka yi mata suna ba. Naman daji ne. A shekarun casa'in, in soja ko wani ma'aikaci da aka turo daga Yamai ko Maraɗi ya samu barewa, matarsa za ta ɗora tukunya da murna, kafin azahar gida ya ɗauki ƙarni har yara su ƙi shiga ɗaki. Karo na biyu ba ta sake gwadawa, sai ta ce a kai wa Ya Gumsu.

Wani mahauci mai suna Kalli, wanda ya yi mata fiɗa shekaru da yawa, shi ya warware mini zancen wuƙaƙen.

"Mu nan mutanen tattasai ne," in ji shi. "Abinci ya yi wari, mu zuba tattasai. Ya ƙone, mu zuba tattasai. Ita kuwa cewa take ƙarni ba a rufe shi, cire shi ake yi. Mai baƙin mariƙin nan ta fata ce da gashi da duk wani wuri mai wari. Mai jan zaren ta tsoka ce kawai. Rannan na manta na haɗa su, wallahi sai da ta yi mini faɗa kamar na zagi uwarta."

Ba kowane nama take karɓa ba kuma. In ta ga barewar da aka kora da mota har ta faɗi, sai ta ce a mayar, jinin tsoro ya riga ya shiga tsokar, ba abin da zai fitar da shi. Mai ciki kuwa ko dubanta ba ta yi. Wani saje ya taɓa ɗaga mata murya a kan haka, ta ce masa, "Ɗana, kai wata rana za a mayar da kai garinku. Mu da za mu zauna, me za ka bar mana a dajin?" Direbobi uku suka ba ni wannan labari, kowa da irin fuskar da ya ce sajen ya yi.

Amma aikin da ya sa na ɗauki biro, a wani ƙauyen bakin kogin Komadugu aka yi shi, kusa da Shetimari, a lokacin sanyi na 1997.

Shekara guda kafin nan, shanun wani Ardo Oroji sun ɓalle a kan hanyarsu ta zuwa mashaya suka tattake gonar tattasan wani manomi Babarbare, Abatcha, ana saura kwanaki kaɗan a fara tsinka. Aka yi faɗa, aka fasa kan ƙanen Ardo, aka sare hannun ɗan Abatcha. Manoma suka toshe burtali da ƙaya. Barebari da Fulani abokan wasa ne, kowa ya sani, ba sa haɗuwa a hanya ba su tsokani juna ba. To a ƙauyen nan shekara guda cur ba a ji tsokana ko ɗaya ba. Gaisuwa ma da ƙyar. Matan ruga suka daina kawo nono, matan gari suka daina ba da gero. Ga rani na tafe, ga shanu ba hanyar ruwa, kowa kuma ya san in suka ji ƙishi ƙaya ba za ta tsare su ba, kuma wannan karon ba a fasa kai za a tsaya ba.

Bulama, wato mai garin, ya yi ta kai da kawo har ya samu yarda: Ardo ya kawo dabba, gidan Abatcha ya dafa, ranar Juma'a su biyun su ci a akushi ɗaya gaban jama'a, sannan a janye ƙaya. Kowa ya zaci rago zai kawo. Sai ga Ardo ranar Alhamis da safe janye da kishimi, wato namijin barewa, wanda ya tsinta yana jariri ya shayar da shi nonon akuya, shekara bakwai yana kwana a gindin bukkarsa. A wurinsa ba shi da abin da ya fi wannan daraja. Mayar masa da shi zagi ne.

Ga inda matsalar take. Abatcha mutum ne da ba ya jure ƙarni tun yana yaro. A bakin kogi aka haife shi amma ko kifi ba ya ci, in ana ferar sa tashi yake daga wurin. Tsohon kishimi kuwa, tun yana tsaye da ransa warinsa ke isa hanci. In Abatcha ya ƙi ci, ko ya kai loma baki zuciyarsa ta tashi a gaban Ardo, ba mai yarda cewa ciki ne. Za a ce sulhun ya tofar.

Zainaba matar Abatcha, wadda ke kai wa Ya Gumsu tattasai a rumfa, ita ta hau mota ta je ta ɗauko ta. Ya Gumsu ta rufe tukunya tun kafin azahar, ta taho da Kalli da wuƙaƙenta.

Da isarta ta tarar samari sun kewaye kishimin, yana ta fizgar igiya. Ta kore su duka. Ta sa aka kai shi inuwa aka ba shi ruwa, ta jira har numfashinsa ya kwanta. Sannan ta juya wajen Ardo, wanda ya ƙi zama tun safe.

"Ardo, kai za ka riƙe shi. Hannunka ya sani. In ya tsorata, aikina ya lalace tun ban fara ba."

Waɗanda suka gani sun ce Ardo ya durƙusa yana shafa masa wuya yana yi masa magana da Fulatanci har liman ya yanka. Ya tashi bai dubi kowa ba, ya kama hanyar ruga.

Aka rataye shi jini ya tsiyaye sosai. Da mai baƙin mariƙi Kalli ya cire maraina da mafitsara a hankali ba tare da ta fashe ba, ya yanke ƙafafu daga gwiwa, ya raba kai da jiki saboda ƴan ramukan nan masu wari na ƙarƙashin ido, ya feɗe fata yana naɗe ta waje don kada gashi ya taɓa tsoka. Ya Gumsu ta sa shi wanke hannu da toka har sau biyu kafin ta ɗauki mai jan zare. Ta tsaga cinya ta zaro kaluluwar da ke ɓoye cikin kitse. Ta bi kowace tsoka ta ɗaye farar yanar da ke kanta. Kitsen kuwa, duk ta tara ta jefa wa karnuka.

"Ya Gumsu! Kitse fa!" in ji wata maƙwabciya, ta dafe ƙirji.

"Ɗauki ki kai wa mijinki, in kin gaji da shi."

Ta jiƙa naman a ruwan gishiri, ta canza ruwan sau uku har ya daina ja. Sannan ta ce a ba ta nono mai tsami, ƙwarya biyu.

Zainaba ta ce rabon garin da nono shekara guda.

"Ga ruga can ina hango hayaƙinta," in ji Ya Gumsu.

Abatcha, da ke tsaye nesa da rawani a hanci, ya ce, "Nonon shanun da suka tattake mini gona? A gidana? Ga buhun tattasai nan, ki juye shi duka in kina so."

"Maigida, in na juye, ƙarni da yaji za ka ci tare, baƙonka kuma ba zai iya haɗiya ba. Nonon zubarwa zan yi in ya gama aikinsa. Ko ka fi son ka yi amai a kan tabarmar Bulama?"

Zainaba ta cika ƙwarya da gero ta ɗora a kai ta fita. Ta zagaye shingen ƙayar ta nufi ruga. Kafin magariba ta dawo, kuma ba ita kaɗai ba. Matar Ardo ce a bayanta ɗauke da nonon da kanta, har da curin man shanu da ba a tambaye ta ba. Ta ce ta zo ta ga abin da Barebari za su yi wa ɗanta, wato kishimin. Aka shimfiɗa mata tabarma, ta zauna.

Naman ya kwana cikin nono a tukunyar ƙasa da aka binne rabinta a jiƙaƙƙen yashi. Da safe nonon ya koma ruwan hoda. Ya Gumsu ta zubar da shi bayan gida, ta wanke naman, ta tafasa shi da tsamiya tana kwashe kumfa, ta zubar da wannan ruwan ma. Sai a lokacin ta soya shi a man shanun matar Ardo, da albasa da tafarnuwa da citta da kanumfari, ta rage wuta ta bar shi yana nuna a hankali. Tattasan Abatcha a ƙarshe ta zuba, tafi ɗaya tak.

Bayan sallar Juma'a aka ajiye akushi a ƙofar Bulama. Manoma a gefe ɗaya, Fulani a gefe ɗaya da sandunansu a kafaɗa. Ya Gumsu tana daga bayan zana, ta ce ita ba ta leƙa ba, amma Zainaba ta rantse ta ga idonta a ƙofar karan.

Ardo ya yi bismilla ya ɗauka. Abatcha ya daɗe yana duban akushin. Ya zaɓi ƙaramar tsoka, ya kai baki, ya tauna. Ya ci gaba da taunawa. Ba ka jin komai sai kukan injin ban ruwa daga bakin kogi. Ya haɗiye. Sai ya sake miƙa hannu, wannan karon babba ya ɗauka.

Ardo ya lashi yatsa, ya ɗan ja iska saboda yaji, ya ce, "Wannan tattasan naka ne?"

"Nawa ne."

"To yanzu na gane abin da ya kai shanuna gonar."

Kalli ya ce a lokacin sai da ya duba inda ya ajiye takalmansa, ko gudu zai kama. Abatcha ya ɗaga kai ya dubi Ardo, bakinsa duk maiƙo.

"Ai dama shanunka sun fi ka hankali, Bafillace. Matsa hannunka, ka tare mini wajen."

Bulama ne ya fara dariya. Kafin la'asar an janye ƙaya.

Wani abu ya daɗe yana damuna. Na tambayi Kalli ko in babu nono ƙarnin ba ya fita. Ya ce yana fita mana, shi da idonsa ya ga ta yi da tsamiya da lemun tsami a Difa ba sau ɗaya ba, kuma akwai su a gidan Abatcha ranar. Na koma wajenta da wannan magana. Tana zaune tana shafa wa gwiwa man zafi. Ta dube ni ta ce, "Nono ya fi."

Ya Gumsu, ke ce kika tura mace ɗaya da ƙwaryar gero ta zagaye ƙayar da maza suka kasa taɓawa shekara guda, kika ce aikin tukunya ne. Sunanki ba ya cikin takardar sulhun da aka kai wa jandarma. Bulama aka yaba, kuma ya cancanta. Ke kuwa motar yamma kika hau, washegari kina mahauta kina shinshinar nama. Mai wuƙa biyu, mun gode. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba.

Mu da muka taso yanzu, barewa ta yi wuyar gani, mai yiwuwa ba za a taɓa kawo mana kishimi mu gyara ba. Amma duk wanda aka miƙa wa aiki mai wari, a gida ko a gona ko a ofis, ya tuna da ita, ya zauna ya nemo inda warin yake ya cire, kada ya juye masa tattasai. Wanda kuma yake shakkar labarin nan, ya zo in kai shi. Burtalin yana nan a buɗe, shanu na sauka ta cikinsa kowace yamma, Abatcha na tsaye a bakin gonarsa yana zagin mai su, mai su na ramawa.