Shatin Bel a Cikin Malam Garba

Har na bar aikin jinya ba zan manta da wata ranar kasuwa da damina ba, lokacin ina kula da ɗakin gaggawa a wani asibiti a yankin Bagudo. Bayan azahar aka kawo mana mutanen da motocinsu suka yi taho-mu-gama a hanyar Bahindi, ɗaya ta fito daga bakin iyakar Benin.

Ƙa'idar aikinmu, duk wanda ke cikin motar sai an duba shi, amma ana farawa da wanda ya fi jin jiki. Muka rufu kan direban ɗaya motar, wanda bai ɗaura bel ba, fuskarsa duk gilashi. Cikin masu kama mana shi har da Malam Garba, malamin gona, mai tuƙa mota ta biyun. Da ƙafarsa ya shigo, farar rigarsa ko ɗigon jininsa babu.

Da na zo kansa ya ce, "Malama, lahiya lau nike, na ɗaure bel. Ruwa kawai za ki ba ni."

Na kama hannunsa, na ji shi sanyi ƙalau, jijiya na bugawa da sauri. Na ce ya ɗaga riga. Sai ga shatin bel, baƙi wuluk, ya ratsa cikinsa saman cibiya. Ina taɓa wurin ya yi ƙara, cikin ya yi tauri kamar katako. Kafin likita ya ƙaraso Malam Garba ya sulale daga kan benci.

"Kada a ba shi ruwan nan!" in ji likita. "Jini yake zubarwa ta ciki. Bel ya tsayar da jikinsa, amma kayan ciki sun ci gaba da tafiya. Ga shi a kan tumbi ya ɗaura, ba a ƙugu ba."

Muka sa masa ƙarin ruwa, aka garzaya da shi Birnin Kebbi. A tiyata aka tarar hanji ya yage, saifa ta fashe. Ya rayu da ƙyar.

Da ya warke ya zo gaishe mu, ya tambayi likita ko bel ne ya so kashe shi. Likita ya ce, "Ba don shi ba, da ba ka nan balle ka yi tambaya."

Ku da kuka fara aiki yanzu, mai jini da kururuwa kowa na ganinsa. Wanda ke zaune shiru yana cewa lafiya lau, ku ɗaga rigarsa.