Ranar da Baba Ya Dafa Bangon Siton Auduga

A gidanmu ba a cewa Baba ya tsufa. Cewa ake yi motarsa ta tsufa, kowa kuma ya san wanda ake nufi.

Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa tun kafin a haife ni. Bai taɓa kama shago ba. Shagonsa wani akwatin ƙarfe ne da ke cike da sukudireba, allurai, bel, ƙoshiya da ƴar kwalbar mai. Da keke ya fara yawo da shi ƙauye-ƙauye, ya koma babur, daga baya ya sayi wata shuɗiyar mota wadda ta riga ta gaji a hannun mutum biyu kafin ta iso gare shi. Teloli suna kiransa Likita. In ya zo ba ya fara duba keken. Sai ya ce wa telan ya taka, shi kuma ya rufe ido ya kasa kunne, sannan ya kai hannu daidai inda ciwon yake. Muna yara muna ɗaukar wannan rufe idon burga ce kawai.

Da gwanjo ya cika kasuwanni, aka kuma ja sabon titi ya bar ƙananan garuruwan a baya, sai teloli suka riƙa rufe shaguna ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce ya ajiye aiki. Amma duk Asabar sai ya goge takalmi, ya sa akwatin a but, ya cika fulas da shayi, ya ce ya tafi yawon tarihi.

“Wai tarihin nan naka ba ya ƙarewa ne?” in ji Umma.

“Ke da ba ki san inda aka fito ba, ina za ki san inda za a?”

“Na san inda man motar yake tafiya dai.”

A bara ne abubuwa suka fara taruwa. Ya goge ƙofar gida da gefen mota, ya ce ƙofar ce iska ta turo. Ya zuba gishiri a shayi ya shanye, wai yana gwada wani magani. Ranar da ya tsaya ya yi wa buhun gawayin maƙwabcinmu sallama, har da tambayar iyali, Yaya ta kira taro a ɗakin Umma. Yaya ce babbarmu, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ko a gida da muryar asibiti take magana.

“Ido ne,” ta ce. “Ya ƙi zuwa a duba shi. Wata rana zai hau kan ɗan mutane. Wani ya bi shi ranar Asabar ya gani da idonsa. In abin ya kai, a karɓe makullin.”

“Ni zan je,” na ce, tun ba ta rufe baki ba.

Ta dube ni sama da ƙasa. “Kai, Auta? Kai da ko kanti aka aike ka sai ƙafarka ta fara ciwo?”

“Mahaifina ne fa, Yaya.”

Mahaifina ne, gaskiya ne. Amma ni kaɗai ne a gidan nake da lasin ba ni da mota. Na riga na zaɓi launin fentin da zan yi mata, fari mai sheƙi. Akwai kuma wata malamar makaranta a bayan layinmu da na gaji da wucewa ta gabanta a ƙasa, takalmina duk laka. Na shiga motar ranar Asabar da fuskar ɗa mai tausayi, cikina kuwa addu'a nake yi Allah ya sa Baba ya yi kuskuren da ba zai iya musawa ba, amma wanda ba zai lotsa motar ba.

“Yayarka ta turo ɗan sanda,” ya ce yana ɗaura bel. “To, ranka ya daɗe, zauna da kyau.”

Ko kusa da babban titi bai je ba. Daga bayan gari ya karya ya hau wata jar hanya da ta ratsa gonaki. Ya ce babban titi na masu gaggawar mutuwa ne, babu abin gani a kansa sai bayan tirela. Ni kuwa na ƙudura a raina cewa tirelar ce yake tsoro. Tafiya yake yi a hankali, har wani mai jaki ya ɗan jera da mu suka gaisa. Hanyar tana cikin kansa, sai dai hanyar da ce. Yana murɗa sitiyari ya kauce wa ramukan da aka cike tun tuni, ya faɗa sababbi da dukkan ƙarfinsa.

“Wannan ramin jiya aka haƙa shi,” ya ce, bayan kaina ya bugi rufi.

Duk allon da muka tunkara sai ya nuna shi da haɓa. “Karanta min wancan, in ga ko makaranta ta yi maka rana.” In na karanta ya ce, “Madalla, ba a yi asara ba.” Ina karantawa ina tara hujja, ina jin daɗi, ina kuma jin kunyar daɗin da nake ji, amma ba kunyar da za ta hana ni ba.

Mun tsaya a wata gada mai tsatsa da ba a bi ta kanta yanzu. Ya ba ni labarin ambaliyar da ta karya ta. Ina yaro in ya ba da labarin, babbar mota ɗaya ruwan ya tafi da ita. A ranar sun zama uku, har da direba guda da aka tsinta a kan bishiya yana riƙe da butarsa. Mun tsaya a tashar jirgin ƙasa wadda ba ta da layin dogo, awaki kwance a inda ake sayar da tikiti. Mun leƙa wata rijiya da ya ce saboda ita aka kafa garin, yanzu kaji ne ke ƙwai a cikinta. Sai na lura da wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Ko daga ina labarin ya faro, ko yaƙi ne, ko fari, ko zuwan jirgi, ƙarshensa ɗaya ne.

“To a nan gefen, akwai wani tela gurgu. Kekensa ya gagari kowa. Sai na zo.”

Tarihin duniya gaba ɗaya shimfiɗa ce da aka yi don Baba ya iso da akwatinsa.

A wani ɗan gari mai layi ɗaya, tun kafin mu tsaya wani tsoho ya fito daga rumfa da tef a wuya yana ɗaga hannu.

“Likita! Tun daga nesa na ga shuɗiyar! Na ce yau mara lafiyan nan nawa ya tashi.”

“Kai dai ba ka da tausayi,” in ji Baba. “Keken nan ya girmi matarka, har yanzu kana taka shi?”

“Ai ya fi ta jin magana.”

Aka kawo kujera, aka kori yara, aka aika a sayo lemo. Telan ya taka, Baba ya rufe ido. Hannunsa ya shiga ƙarƙashin keken ya ɗan juya wani abu, ƙarar ta daidaita. Mutane suka taru suna kallo kamar ba su taɓa gani ba. Na tuna yadda yake a gida: mutum a kan kujera, ana ce masa ya ɗaga ƙafa za a yi shara. A nan na gane abin da yake fita nema duk Asabar. Na gane, amma ban fasa son motar ba. Abu biyun suka zauna a cikina ba wanda ya matsa wa wani.

Bayan azahar ya ce saura wuri ɗaya, wanda ya fi duka. Siton auduga. Na sha jin labarinsa: dogon gini na dutse inda ake auna auduga a da, teloli jere a inuwarsa ranar kasuwa, kuma a nan ne aka fara ba Baba keke ya gyara yana saurayi.

Ya tsayar da mota a bakin wani fili, ya fito, ya goya hannuwa a baya. Na fito na duba. Babu dutse ko ɗaya. Bulo ne sabo fil, an kai shi iya taga, rodi na tsaye a kusurwoyi, ga tarin yashi, ga baro a kife. Wani birkila na zaune a inuwa yana hutawa, ƙafafunsa fari fat da siminti.

“Dubi gini, Auta,” in ji Baba. “Rufin ne kawai ya tafi. Ginin mutanen da ke nan. Yanzu wa zai yi maka irin wannan? Na yanzu in ka jingina da shi sai ku faɗi tare.”

Birkilan ya miƙe, ya buɗe baki. Na girgiza masa kai, na ɗora yatsa a leɓe. Har yau ina so in ce tausayi ne ya sa. Wataƙila shi ne. Wataƙila kuma so nake Baba ya ƙara nutsewa, yadda in na ba Yaya labari ba za a sami mai cewa a ƙara masa wata ɗaya ba. Hannuna ɗaya yana kan leɓena, ɗayan yana aljihu a kan waya.

Baba ya ci gaba. Ya nuna inda sikeli yake, wajen da baron ke kife. Ya nuna inda teloli ke jere, wajen tarin yashi. Ya faɗi yadda ya zo da aron sukudireba, yadda babban telan ya ce in ya ɓata keken sai ya ɗinke masa kunne. Yana magana yana matsawa, har ya isa jikin bangon. Sai ya yi abin da yake yi wa duk keken da ya gama gyarawa. Ya ɗaga tafin hannu ya dafa shi.

Ashe da safen nan aka yi wa wannan gefen filasta. Hannun ya nutse.

Bai cire shi da sauri ba. Ya ɗan bar shi a wurin, sannan ya janye, ya murza yatsunsa, ya kai hanci ya shinshina. Na saki wayar a aljihu.

“Akwai mutum a nan?” ya ce.

“Ga ni, Baba,” in ji birkilan. “Sannu da zuwa.”

“Yaushe aka rushe shi?”

“Tun kafin damina. Azuzuwa za a yi wa yara.”

“Duwatsun fa?”

“Suna ƙasa, Baba. Da su muka cike tushe.”

Baba ya gyaɗa kai. “Na ɓata maka aiki.”

“Haba, ba komai. Yanzu zan bi shi da cokali.”

“In za ka ji tawa, bar shi. Wata rana wani tsohon banza zai kawo ɗansa nan, ya nuna masa hannun, ya shirga masa ƙarya a kai.”

Birkilan ya yi dariya, ya ga ni ban yi ba, ya haɗiye sauran. Ya kawo ruwa a bokiti Baba ya wanke hannu.

Da muka koma wajen mota, Baba bai nufi ƙofar direba ba. Ya bi jikin motar da hannu ya zagaya ɗaya gefen, ya ciro makullin ya miƙo shi saitin inda yake jin numfashina.

“Ungo. Tun ranar da na goge ƙofa kake wanke motar nan ba wanda ya sa ka. Ka zaci ban ji ƙarar bokiti ba?”

“Baba, ni fa don lafiyarka...”

“Rufe min baki, ɗan sanda. Ni ma haka na yi wa babur ɗin kawuna.” Ya zauna ya ja ƙofa. “Taka ce. Amma Asabar tawa ce, da kai da ita. Kuma kada ka kuskura ka canza mata fenti. Da shuɗin nan suke gane ni.”

Makullin da na yi wata da watanni ina mafarkinsa, ga shi a tafina, da ɗan danshin siminti a jikinsa. Na so a ce ya yi min nauyi. Bai yi ba. Daɗi na ji, sai dai na kasa cewa na gode har muka hau hanya.

Yaya ta kai shi asibiti a satin. Aka ce yanar ido ce ta rufe masa gani, aikin ba wuya, a kankare ta ya koma gani. An sa masa rana ya ce yana mura. An sake sa wata ya ce ranar ba ta yi masa ba. Da Yaya ta matsa, sai ya ce shi me zai yi da ido yanzu, yana da direba.

Asabar ɗin kuma ta haihu. Talata ta shigo, saboda kasuwar wani gari da ke da tela biyu. Alhamis ma tana leƙowa. Malamar makarantar ta gan ni a mota, ba shakka. Ta gan ni Baba na gaba, akwatin ƙarfe na ƙara a but. Na rage mata hanya sau ɗaya, kafin mu kai ƙofar gidansu ta ji labarin gadar nan, manyan motocin sun zama biyar. Yanzu in mun haɗu, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce, “Ina Likita?”

Allunan hanya har yau ni nake karanta masa, ya ce ba a yi asara ba. In mun hau jar hanyar nan kuma yakan dafa gwiwata.

“Yi hagu, Auta, akwai rami.”

Ina kallon wurin, a shafe yake sumul. Sai in yi hagu.