Bishiyar da Ta Tafi Hutu Ɗa'ifa

Shekarun baya can, lokacin ina kula da lambun wani gida a unguwar Aziziyya ta Jidda, kafilina, wato maigidan da ya tsaya mini a takardun zama, ya dawo daga Turkiyya da wata 'yar bishiya a tukunya. Ganyenta sirara kamar allura, shuɗi-shuɗi, sai ka ce an barbaɗa mata toka. Ya ce irinta ba su da yawa, kuma ko dusar ƙanƙara ta binne ta ba abin da zai same ta. Ni da aka haifa a unguwar Sa'alaba, nan cikin Jidda, ƙanƙarar firij kawai na sani, amma na gyaɗa kai kamar masani.

Da zafi ya kankama ya kwashi iyalinsa za su bar ƙasar hutu. A bakin mota ya ce mini, "Bishiyar nan amana ce. In na dawo sai mu yi maganar iƙamarka." Iƙamar tawa kuwa, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta kusa ƙarewa.

Ba a jima ba bakin rassanta ya fara ƙonewa. Ashe mai jure sanyi ba lallai ya jure Jidda ba. Na mayar da ita inuwa. Na riƙa jera mata ƙanƙara a gindi, har mai shagon unguwa ya tambaye ni ko biki muke yi. Na shigar da ita falo na kunna mata na'urar sanyi, ni ina waje ina zuba gumi. Duk da haka kullum sai na share ganye. Na kira kafilina bai ɗaga ba, na tura saƙo shiru. Tsoro ya hana ni cin abinci, har mahaifiyata ta ce, "Kai da ita ban san wa zai riga bushewa ba."

Abokina, wanda ke sauko da rumman daga Ɗa'ifa a motarsa ta kaya, ya zo ya dube ta. Ya ce, "Ya akhi, masu hali ma gudun zafin nan suke yi su hau dutse. Surukina na aiki a gonar wardi can, akwai sanyi. Yalla, ɗauko ta."

Na ce, "In maigidan ya dawo babu ita, ai ɓarawo zai kira ni."

"In ya tarar da ita a bushe fa, malam zai kira ka?"

Haka na ɗora dukiyar mutum a bayan mota, abokina ya haura da ita.

Abin da nake gudu shi ya faru, kafilina ya dawo kafin lokaci. Ya tsaya yana kallon zagayen da tukunyar ta bari a ƙasa. "Ina bishiyata?"

Na ce, "Ya ammi, ta tafi hutu Ɗa'ifa."

Bai yi dariya ba. Ya ce in shiga mota. Duk hawan dutsen nan ina ta tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyata an mayar da ni Kano, garin da ban taɓa gani ba.

Muka same ta a gefen gona, ta yi sabon toho. Ya daɗe a tsugunne gabanta, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. A fasa tukunyar, a dasa ta nan. Nan ne ya karɓe ta." A satin ya sabunta mini iƙama.

Har yanzu in na hau Ɗa'ifa ina leƙa ta, ta fi ni tsawo. Ina murna, amma ba zan ɓoye ba, da ɗan kishi a ciki. Ita baƙuwa ce, ta samu ƙasa ta kafa saiwa. Ni zafin Jidda bai taɓa kayar da ni ba, a cikinsa aka haife ni, amma har yau a tukunya nake.