Sunan da Baba Ɗanlahadi Ya Je Nema a Ruwan Godiya

Shekara arba'in Baba Ɗanlahadi yana sayar da iri a kasuwar Ƙanƙara, kuma bai taɓa auna maka tiya ba tare da ya tambaye ka asalin wani abu ba. Shi ya fara gaya mana masara sunan Masar ta ɗauko, alkama kuwa bakin Larabawa ta biyo.

Jikarsa Rifkatu ta tafi karatun noma ƙasar Hangari. Duk Lahadi bayan sujada a coci sai ta kira shi. Ita ta ba shi labarin cewa a harshen mutanen can, sunan kifi da na zuma sun tsufa tun kakannin kakanni, amma na alkama da sha'ir a hanya suka aro su wurin Turkawa, lokacin da suke yawon kiwo.

"Ashe su ma maƙwabta suka ciyar da bakinsu," in ji shi.

"To kai tsoho mai ran ƙarfe, ba ni sunan abincinmu mafi tsufa. Malamarmu ke nema," in ji Rifkatu.

Nan tsohon ya tuna baya. Akwai abincin da uwarsa ke yi da geron farkon kaka, ba mai taɓa sabon hatsi sai an ci shi a gindin tsamiya. Ɗanɗanon na nan a harshensa, sunan ya ƙi zuwa. Wadda ta rage da za ta sani yayarsa ce, Iya Indo, a garin Ruwan Godiya. Ta musulunta tun tana amarya, ba ta kuma tada zancen al'adun gargajiya na gidan ubansu. Ga shi ƙafa ta fara ƙin ta.

Ya ɗaura damin gero a babur ya tafi wurinta, ya tambaye ta sunan abincin.

"Na bar wannan inda na bar shi," in ji ta.

"Yaya, in kin tafi da shi fa?"

"Kai dai da kwaɗayi, har na suna."

Ya ajiye damin a gabanta ya zauna. Ta daɗe tana murza zangarniya a tafin hannu, tana hura ƙaiƙayin.

"Wa ke tambaya? Kai ko yarinyar?"

"Yarinyar."

"To ba mantawa ka yi ba. Ba a taɓa faɗa maka ba. Mata ke kiran sunan, ku maza ci ne naku. Kira min ita, ka fita zaure."

Ya miƙa mata wayar ya fita. Daga can yana jin muryarta ƙasa-ƙasa, sai kuma dariyar Rifkatu tana cewa, "Iya, sake faɗa, in rubuta."

"Ba a rubutawa. Riƙe shi."