Jan Bulon Kawu a Cikin Kwamfuta

Shekarar da na gama karatun zanen gine-gine a Madani na koma ƙauyenmu, kudu kaɗan da Abu Hujar, da takardar shaida da wata kwamfutar hannu da na saya a wurin abokin karatu. Aiki bai samu ba. Da safe ina bin mutanen gidanmu gonar bakin ruwa, da rana ina kwance a rakuba, rumfar karan da ke tsakar gida, ina sauraron Inna tana tuyar kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri. Tun daga tasha aka fara kirana muhandis, wato injiniya, amma ko akurki ban taɓa ginawa ba.

Yayana da ke aiki a Saudiyya shi ya ba ni aikina na farko. Ya yi waya ya ce ɗakunan ƙasa na Inna sun gaji, kowace damina sai an yi musu yaɓe, yana so a gina mata ɗaki biyu da falo na jan bulo. Ni zan zana, Kawu ya gina. Kawu ƙanen Inna ne, magini ne tun kafin a haife ni, rabin katangun ƙauyen hannunsa ne. Bai taɓa aiki da takarda ba. Da sanda yake shata gini a ƙasa, ya auna da igiya, ya ce bismilla.

Na shimfiɗa masa zanen ɗakuna da layuka da lambobi, ya juya takardar sama da ƙasa ya miƙo mini.

"Ni ban ga gida nan ba. Ka nuna min abin da ido ka gani."

Sai na ce to, zan yi masa renda. Renda ita ce ka gina gidan a cikin kwamfuta, ka sa masa bulo da ƙofofi da rana, ita kuma ta lissafa haske ta fitar maka da hoto kamar an ɗauka da kyamara. Mun taɓa yi a makaranta, amma a allo kawai muke kallo, ba mu taɓa bugawa ba. Kwana uku na yi a kai. A allon ya yi mini kyau sosai, har na aika wa Yaya ta waya ya ce tamam, ya yi daidai. Na hau mota zuwa Sinja na sa aka buga mini shi a babbar takarda, na naɗo shi a hammata kamar mai ɗauke da tuta.

Da na warware shi a kan tabarma sai na ga ba abin da na gani a allo ba ne. Gidan ya yi dishi-dishi, bakin tagogi ya narke, inuwar falo cike da ƙananan ɗigo kamar an watsa gero. Inna ta duba ta ce, "Ya yi, Allah shi yi albarka," ta koma murhu. Kawu ya daɗe yana kallo, ya matsar da shi nesa, ya matso da shi kusa.

"Muhandis, wanga gida cikin hayaƙi yake, ko idona na?"

Ba idonsa ba ne. Na fitar da hoton ne ƙarami, daidai allo, da aka ja shi ya cika babbar takarda sai ya baje. Wannan na gane shi da wuri. Na ninka girmansa, na kuma ƙara wa kwamfutar yawan zagayen da take yi tana lissafin haske, domin ɗigon nan na cikin inuwa alamar ba ta gama lissafi ba ne aka tsayar da ita. Amma abin da take yi cikin minti ashirin a da sai ya koma na yini guda. Takan yi zafi har ba ka iya ɗora hannu, fankarta na kuka kamar injin ban ruwa. Na ɗora ta a kan bulo biyu kusa da randunan Inna, inda ƙasa ke da sanyi. Batirinta ya mutu tuntuni, don haka da an ɗauke wuta komai ya tafi. Sau biyu tana kaiwa kusan ƙarshe wutar ta ɗauke ana kiran azahar. Daga baya na koyi yanka hoton gida huɗu, in fitar da kowane yanki daban, in haɗa su. In wuta ta tafi, kwata kawai na rasa.

Gajen haƙuri ya sa na yi wata dabara. Akwai wani maɓalli na ƙara kaifin hoto bayan an gama, na murɗa shi har ƙarshe. Komai ya fito tar, na ji daɗi, na kira Kawu ya gani a allo. Ya sa yatsa a bakin taga, inda wani farin layi ya zagaye ta, baƙi na biye da shi.

"Yanzu kuma kwalli ka sa ma gidan? Aure za shi?"

Matan da ke tsinkar kuɓewa a rakuba suka kwashe da dariya. Na mayar da maɓallin ƙasa, na bar ɗan kaɗan. Har yau haka nake amfani da shi, kamar gishiri.

Duk da haka bangon bai fito ba. Ƙofofi da tagogi sun yi kaifi, amma bulon ya kasance kamar zanen atamfa, abu ɗaya yana ta maimaituwa, kuma in ka matso ya dushe. Dalili shi ne hoton bulon da na manna wa bangon ƙarami ne, na sauke shi daga intanet, bulon wata ƙasa mai sanyi, sumul, ruwan hanta. Na yi wa Kawu bayani ban zaci zai damu ba. Ya ce, "To mi ya hana ka ɗauko namu?"

Washegari da hantsi muka hau keken jaki zuwa kamina, inda ake gasa bulo a bakin bahar, babban koginmu. Ruwa ya ja baya lokacin, ya bar laka baƙa mai tsagewa, masu yin bulo suna cuɗa ta da kashin shanu suna zubawa a ma'auni, layi-layi har ido ya gaji. Warin wurin nake tunawa fiye da komai, ɗanyar laka da hayaƙin itacen gabaruwa. Kawu ya bi tarin gasasshen bulo yana ƙwanƙwasa biyu-biyu yana saurare, wanda ya yi ƙara kamar ƙarfe ya ajiye gefe. Ya kwaɓa 'yar laka ya tayar da bango mai tsayin ƙirjina, faɗin taku uku, don kawai in ɗauki hoto. Masu kamina suka tsaya suna kallon magini yana gina bangon da ba na kowa ba.

Na ɗaga waya zan ɗauka ya ce in dakata, ya sa aka riƙe buhu biyu aka yi wa bangon inuwa. Ya ce in na ɗauka cikin rana, inuwar safiya za ta manne a jikin bulon, in kai ta gidan da tasa ranar daban take. Wannan malamanmu sun faɗa a aji, na manta, shi kuwa ya gano da kansa yana tsaye. Na ɗauka daga kusa, sashe-sashe, har ana ganin ramukan da ciyawa ta ƙone ta bari. Wani bulon ja ne, wani ya yi baƙi a gefen da wuta ta lasa, wani fari-fari kamar bai ƙoshi ba. Wannan hoton yana nan tare da ni, na sa shi a gine-gine da yawa da Kawu bai taɓa gani ba.

A hanyar dawowa ya tsayar da jakin a gindin katangar masallaci, wadda shi ya gina, ya ce in shafa kusurwarta. Ba ta da kaifi, ta ɗan lanƙwasa.

"Ka gani? Taka kamar wuƙa take. Babu bango mai bakin wuƙa. Wurin ga da ya lanƙwashe shi ka kama haske, shi ka sa ido ya ga iyakar gini."

Na je na ɗan dakushe kusurwoyin gidan duka a kwamfuta, na sauko da rana daga tsakar ka zuwa inda take tsayawa bayan la'asar, ta bayan dogon yaro na maƙwabta. Abin mamaki, da na rage wa gidan kaifi sai hoton ya fi fitowa. Layin kwaɓin da ke tsakanin bulo ya sami 'yar inuwarsa, baranda ta yi zurfi. Don kada ginin ya tsaya a fili shi kaɗai, na ɗauki hoton tsakar gidanmu na gaske na dasa shi a ciki, daidai inda zai zauna.

Kwana biyar ana fitar da yankunan nan huɗu. Na sake zuwa Sinja. Wannan karon mai shagon ma sai da ya tambaye ni a wace unguwa gidan yake.

Aka shimfiɗa shi a rakuba bayan sallar la'asar, ana shan jabana, wato gahawa. Kawu ya ƙirga layukan bulo daga ƙasa zuwa taga, ya gyaɗa kai. Inna ta goge hannu ta durƙusa a kansa. Ta ga randunanta, ta ga turken akuya, ta ga ƙofar zaure. Sai ta shiga bin hoton da yatsa.

"Ina lemun?"

Itacen lemun tsami ne da mahaifinmu ya dasa shekarar da ya rasu. Falon ya hau kansa. A hoton farko ma haka yake, kuma ta ce ya yi, domin ba ta ga komai a cikinsa ba sai jan abu mai tagogi. Ni kuwa na san da shi, na ɗauka za a sare a dasa wani. Na fara bayanin cewa fili ba zai isa ba, Kawu ya taka mini ƙafa.

"Yaya, a bar miki lemunki," ya ce wa Inna, yayarsa. "Muhandis zai matsa."

Na matsa. Falon ya ragu da taku biyu, ya juya ya fuskanci gabas, baranda ta zagaye itacen ta gefe ɗaya. Yaya ya yi ta faɗa a waya cewa an ƙuntata masa falo, Inna ta karɓi wayar ta ce masa in ya dawo ya zauna a zaure. Ban sake yin wata rendar ba, Kawu ya ce ya riga ya gani.

Wata huɗu aka yi ana ginin. Ni ne mai riƙe igiya da jiƙa bulo, tafin hannuna ya yi kanta. Kawu ya bi zanena a yawancin wurare, a wasu ya yi abin da ya ga dama, ya ɗaga tagogi da layi biyu don iska, ban yi gardama ba. Shi ne gininsa na ƙarshe mai girma, bayansa gwiwa ta hana shi hawa tsani, ya koma zama a kasuwa yana ba matasan magina shawarar da ba su tambaya ba.

Ni kuma na sami aiki a wani ofishi a Damazin kafin a shafa farar ƙasa a ciki. Ranar da zan tafi Inna ta riga ta tare a ɗaki ɗaya, ɗayan ta zuba masa buhunan dawa. Ta raka ni har bakin zaure, ta cusa mini ƙullin soyayyar gyaɗa a jaka, ta ce in riƙa cin abinci a kan lokaci. Kawu ya kai ni tasha a keken jaki, muna tafe yana nuna mini katangun da ya ce wasu sun gina a karkace.