Kafaɗa Ba Ta Ƙarya

Jiya jikana ya bugo daga Amurka, wai bayan shekara biyu a benci a ƙungiyar ƙwallonsu an sa shi tsaron baya. Na yi ajiyar zuciya, sai na tuna kawuna.

A shekarun 1960 ɗaukar tsofaffin alhazai yake yi a ɗawafi, cunkoso ya koya masa gane inda mutum zai karkata. Ranar da ƙungiyar unguwarmu, unguwar Mansur, za ta gwada ni, Kawu ya dafa ni da hannunsa mai kanta, yana ƙamshin na'ana'a.

"Ya waladi, ɗana, bar kallon ƙwallo. Kalli kafaɗar mutum, ba ta ƙarya."

Ranar ba wanda ya wuce ni. Shawarar da na ba jikana ke nan.

Allah ya yalwata kabarinka, Kawu. Maganarka ta kai Amurka.